Daga Alakos zuwa zauren kare kundi: tarihin karatun gaba da lisansi a Nijar da matsayin harshe a cikinsa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun karatun da ake yi bayan lisansi a ƙasarmu, wato abin da a da ake kira metiriz da DEA da doktora, yanzu kuma ake kira mastar da doktora. Mun zaɓi mu hango al'amarin daga Alakos, gundumar karkara a yankin Gure cikin jihar Damagaram, mai cibiya a Garazu, inda ake jin Barbarci da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Dalilinmu shi ne, daga wuri mai nisa irin wannan ne ake iya auna abin da ya matso da abin da ya tsaya cik. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kuwa kusan 900.

1. Lokacin da matakin ƙarshe yake ƙetare

A zamanin mulkin mallaka, ƙololuwar karatun ɗan Nijar ita ce makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ke fitar da malaman makaranta da akawuna da mataimakan likita. Jami'ar Dakar ba ta samu ba sai 1957. Wanda ya zarce nan, sai Faransa. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, can ya ci jarrabawar agiregasiyo ta ilimin fizik a 1956, can kuma ya kare babbar doktorarsa a 1967. Shi ne ya wallafa L'Éducation en Afrique a 1964, inda ya dage cewa ilimin da bai tsaya a kan harsunan ƙasa ba, ƴan ƙalilan kawai zai amfana.

Tsarin Faransa na lokacin matakai ne a kan matakai: metiriz, sannan DEA, sannan doktora ta zagaye na uku, sannan babbar doktora ta ƙasa, wadda kan ci shekara goma ko fiye na rayuwar mai ita. Sai a 1984 dokar Savary ta haɗe su zuwa doktora guda. Ta wannan tsani ne aka rubuta tarihin gabashin ƙasarmu. André Salifou ya fitar da littafinsa a kan sarautar Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971. Maikoréma Zakari kuma ya wallafa nasa a kan Mangari, wato ƙasar Muniyo da maƙwabtanta, a 1985 cikin jerin Études Nigériennes, daga kundin da ya kare a Paris. Abin lura a nan shi ne hanyar da ilimin ya bi. Dattawa sun ba da labari da Barbarci ko da Hausa, mai bincike ya juya shi zuwa Faransanci, alƙalai suka tantance shi a ƙetare, sannan littafin ya komo Yamai ya zauna a kanta. Jikokin waɗanda suka ba da labarin, in ba su yi lakwal mai zurfi ba, ba su da hanyar karanta abin da kakanninsu suka faɗa.

Haka abin yake a namu fannin. Claude Gouffé ya yi nazarin kare-karen Hausar Nijar yana koyarwa a Paris, Bernard Caron kuma ya wallafa Le haoussa de l'Ader a 1991. Ayyuka ne masu inganci, har yau muna sa ɗalibai su karanta su. Amma mai jin Hausa kaɗai, shi abin nazari ne a cikinsu, ba a sa ran zai zama mai karatu.

2. Yamai, da ƙarancin masu duba kundi

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Cibiyar binciken zaman jama'a, wadda ta samo asali daga reshen IFAN na 1944, ta shigo ƙarƙashinta a 1974 da sunan IRSH. Duk da haka, a tsangayar adabi metiriz ce ta daɗe tana zama rufin ɗaki. Ɗalibi ya yi shekara huɗu, ya rubuta ɗan kundinsa, in yana son ƙari sai ya jira guraben tallafin karatu zuwa Faransa ko Dakar ko Wagadugu, wasu kuma Amurka da Jamus.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi kaɗai. A ganinmu akwai wani dalili na cikin gida da ba a cika ambata ba. Majalisar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen da ke cikinta, kuma malami ba ya jagorantar doktora sai ya kai manyan muƙamai biyu na sama. To, sashen da ke da farfesa ɗaya, ko babu ko ɗaya, da wa zai buɗe zagaye na uku? Kafin a samu masu duba kundi sai an yi doktora, kafin a yi doktora a gida kuma sai an samu masu dubawa. Wannan ƙulli ya ɗauki fiye da shekara ashirin kafin ya fara sassautawa, kuma shekarun ba na kwanciyar hankali ba ne: kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, shekarun karatu da suka tafi a banza saboda yajin aiki, da karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, wanda ya ninka kuɗin littafi da na jirgi a dare ɗaya.

3. Tsarin LMD da saukowar jami'a jihohi

Sauyin ya zo daga waje. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, ƙungiyar UEMOA ta ba da umurni a 2007 cewa ƙasashenta su koma tsarin lisansi shekara uku, mastar biyu, doktora uku. Nijar ta kafa shi a doka a 2010, shekarar da aka ɗaga cibiyoyin fasaha na Maraɗi da Tawa da Damagaram zuwa jami'o'i. Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo a 2014. Ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya rasu a 2022. Metiriz da DEA sun narke cikin mastar, Yamai kuma ta buɗe makarantun doktora nata.

Ga ɗan Alakos, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tafiyar da a da ke bukatar fasfo, yanzu ta zama ta kwana ɗaya a mota. Iyaye na iya aika masa da hatsi, kuma filin bincikensa yana kusa da ɗakin karatunsa, abin da magabatansa ba su samu ba. Sai dai harshen kundin bai gusa ko taki ɗaya ba. A nan Damagaram ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, an kuma daidaita ƙa'idojin rubutunsu a 1999. Duk wannan ƙoƙari a gindin tsani ya tsaya. An yarda yaro ya koyi lissafi da Hausa, amma babu wanda ya shirya ranar da wannan yaron zai tsaya gaban alƙalai ya kare kundi da ita.

4. Abin da Kano ta gwada

Hujjar da aka saba kawowa ita ce Hausa ba ta da kalmomin ilimi. Wanda ya leƙa ƙetaren iyaka ya san wannan magana ta tsufa. Malaman farko na can su ma a waje suka yi doktora, da Turanci: M.K.M. Galadanci a London a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir a Indiana a 1975. Amma da suka komo sai suka mai da Hausa harshen aji. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano ta kafu a 1969. Dauda Bagari ya wallafa Bayanin Hausa a 1986. A 1990 aka fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Da irin su aikatau da ƙirar kalma da ginin jimla da tsarin sauti ake rubuta kundayen digiri na biyu da na uku a Kano da Zariya da Sakkwato. Kalmomin ba su riga kundayen zuwa ba. Wajen rubutun ne aka ƙera su, aka yi gardama a kansu, wasu suka zauna wasu suka mutu.

Abin da ya bambanta mu da su shi ne wanda zai karanta. CAMES da Faransanci take aikinta, saboda haka malamin da ya ba da shekarunsa ga rubutu da Hausa yana caca da ƙarin girmansa, ɗalibinsa kuma yana caca da darajar takardarsa a Abijan ko Dakar. Tsoron yana da tushe, ba mu raina shi ba.

A watan Maris 2025 kundin tsarin da hukumomin ƙasa suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Doka irin wannan ba ta samar da mai duba kundi ko ƙamus. Matakin da muke ganin yana hannunmu tun yanzu shi ne mastar ta fannin harshe da adabin baka: a ba ɗalibi damar rubuta ta da Hausa tare da doguwar taƙaitawa da Faransanci, a gayyato alƙali ɗaya daga Kano ko Sakkwato, a kuma amince da takardun juna a rubuce tsakanin sassan. Amma Alakos tana tuna mana da wani abu da bai kamata ɗokin Hausa ya rufe mana ido a kai ba. Ɗalibin da ya tashi da Barbarci a gida, Hausa ma harshe na biyu ce gare shi. In ya naɗo maganar tsofaffin Garazu, wajibi ne matanin ya fito a kundin da harshen da aka faɗe shi, fassara ta biyo baya, kuma a sami aƙalla mutum ɗaya a teburin alƙalai da zai iya duba ko an juya maganar daidai.