Kasuwar Guro, Annabi Harris da Hutun Lahadi

Duk wanda ya taɓa kwana a Ajame, cikin birnin Abijan, ya sani Kasuwar Guro ba ta jiran gari ya waye. Tun da sauran dare manyan motoci suke isowa daga ƙauyuka da ayaba, doya, rogo, barkono da kuɓewa, mata suna tsaye suna ƙirga buhuna, 'yan dako suna saukewa. Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Guro kabila ce ta tsakiyar ƙasar Kwaddibuwa, wajen Buwafile da Sinfira, ko da yake ƙasarsu kuwa ƙasar goro ce, matansu kuma tun kafin zuwan Turawa suke sayar wa fataken Jula goro. A farkon shekarun 1970 ne waɗansu matan Guro, da ja-gorar Nanti Lou Rosalie, suka haɗa kai suka kafa kasuwar kayan abinci a Ajame. Daga baya irinta ta bazu zuwa Tireshbil da sauran unguwanni.

Mu ma Hausawa muna da hannu a cinikin wannan birni. Albasar Galmi, garin nan da mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950, takan yi tafiyar kwanaki a mota kafin ta isa Abijan, 'yan Adar kuma da yawa suna can suna ci-rani. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san amfanin zango. Madugun kirki ba ya kora ayari har jakuna su faɗi.

Amma labarin hutu a ƙasar nan ya girmi kasuwar. A 1913 wani mutumin Laberiya, William Wade Harris, ya ƙetaro iyaka da farar riga, da sandan gora mai siffar gicciye, da Littafi Mai Tsarki, da 'yar ƙwarya ta yin baftisma. Ya bi gaɓar teku yana wa'azi mutane su ƙone gumakansu, su karɓi baftisma, su kuma kiyaye ranar Lahadi. Cikin wajen shekara ɗaya da rabi mutum fiye da 100,000 suka karɓi baftisma. Masu tarihi sukan daɗe a kan ƙone gumaka. A ganina maganar Lahadi ita ce ta fi nauyi, gama zamanin aikin tilas ne. Tun 1904 Faransawa suke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan zuwa arewa, ana kwasar mutane daga ƙauyuka su sare daji, su ɗauki kaya a ka. Sai ga wani baƙar fata yana gaya wa talaka cewa cikin kwana bakwai akwai ɗaya da jikinsa ba na kwamanda ba ne, ba na mai kanti ba ne, na Allah ne. Haka kuwa Maimaitawar Shari'a sura 5 ta kafa Asabar: domin bawa da baiwa su huta kamar ubangidansu, Isra'ila kuma ta tuna ta yi bauta a Masar.

A 1915 hukuma ta kori Harris. Da William Platt na mishan ta Metodis ya zo a 1924, ya tarar da jama'a suna ta taruwa kowace Lahadi a ɗakunan sujada da suka gina da kansu, waɗansu da Littafi Mai Tsarki a ajiye wanda ba mai iya karanta shi. Aikin tilas kuwa sai a watan Afrilu 1946 aka soke shi, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Aikin tilas ya tafi, gajiya ba ta tafi ba. A 1958 Jean Rouch ya fito da wani fim da ya ɗauka a Tireshbil a kan samarin Nijar masu neman aikin lebura. Babban ɗan wasansa, Umaru Ganda, tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Indoshin. Mako duka suna wahala, Asabar da Lahadi su tafi bakin teku da wurin dambe da gidan rawa, Litinin kuma ta same su da gajiyar da ta fi ta Jumma'a. Ranar hutu suna da ita, amma zuciyar ba ta kwanta ba.

A nan ne ya kamata mu masu wa'azi mu yi hankali. Tumatir bai san Lahadi ba. Matar da ta ci bashi ta ɗauko mota guda ta kaya, in ta bar shi kwana ɗaya ya ruɓe, ita da 'ya'yanta ne za su sha. Abu ne mai sauƙi mu mai da kyautar da Harris ya kawo ta zama wani kaya a kanta, mu tsawata mata don ta makara sujada ko ta yi gyangyaɗi a lokacin wa'azi. Ubangiji bai yi wa Iliya haka ba. Sa'ad da annabin ya gaji har ya roƙi mutuwa a gindin itace, sai da aka ba shi abinci da ruwa sau biyu, ya yi barci, kafin a kai ga magana (1 Sarakuna 19). A Markus 6 kuma, masu zuwa da masu tafiya sun yi yawa har almajirai ba su sami damar cin abinci ba, kamar dai a Ajame da safe. Yesu bai ƙara musu aiki ba, ya kira su gefe su ɗan huta. Waɗanda ya yi wa alkawarin hutawa a Matiyu 11 kuwa masu wahala ne da masu ɗauke da kaya, kalmar da ɗan dako ba ya bukatar a fassara masa.

A watan Afrilu 2011 yaƙi ya tsayar da harkokin Abijan kwana da kwanaki, motocin abinci suka daina shigowa, mutane suka kulle kansu a gida da yunwa da tsoro. Ba wanda ya kira wannan hutu. Da hanya ta buɗe, matan Guro suka koma tarbar motoci da asuba.