Ivy: Jirgin Ruwan da Ya Ga Faɗuwar Sarakuna Biyu

Mu a Matameye babu teku kusa da mu, amma akwai wani tsohon jirgin ruwa da nake ganin ya kamata malamai da iyaye su san labarinsa. Sunansa Ivy. Wanda ya bi sawun wannan jirgi daga hannu zuwa hannu zai gane yadda Turawan mulkin mallaka suke yi da sarakuna, maƙiyansu da masoyansu duka.

An ƙera Ivy a garin Hull na Ingila a 1895. Jirgi ne na alfarma mai tafiya da tururi, ana ƙona masa kwal. Mai shi na farko gwamnatin Turawan Ingila ce da ke riƙe da gaɓar teku ta kudancin Nijeriyar yau, kuma manyan jami'anta yake ɗauka.

A watan Janairu na 1897 mutanen masarautar Bini suka kashe wani jami'in Ingila mai suna James Phillips da mafi yawan ayarinsa. Wata na zagayowa Turawa suka auka wa birnin, suka ƙone shi, suka kwashe kayan tarihinsa na tagulla da hauren giwa. Da Sarki Ovonramwen ya miƙa wuya, a cikin Ivy aka ɗauke shi zuwa Kalaba. Wani ɗan ƙasa mai ɗaukar hoto, Jonathan Adagogo Green, ya ɗauki hotonsa a kan jirgin, kuma hoton yana nan har yau. A Kalaba sarkin ya rasu a 1914, bai sake ganin garinsa ba.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga ɗan Damagaram. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, a 1899 Faransawa suka ci birnin, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa. A 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa suka kai shi Kwaddibuwa. Hanyar ɗaya ce: a kashe Bature, a ci gari, a raba sarki da ƙasarsa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Ivy yana hannun hukumar jiragen ruwa ta Nijeriya. Aka ɗora masa bindigogi, ya bi manyan jiragen yaƙin Ingila irin su Cumberland da Challenger zuwa Kamaru, wadda Jamus ke mulka. Duwala ta faɗi ran 27 ga Satumba, 1914. Yaƙin bai ƙare ba sai a Fabrairun 1916, lokacin da Jamusawan da suka kafe a dutsen Mora suka ajiye makamai. Cikin sojojin da suka sha wannan wuya akwai Hausawa da yawa, waɗanda suka zubar da jini a rigimar da ba tasu ba.

Bayan yaƙi jirgin ya bar Afirka, ya koma hannun Shehu Khaz'al, sarkin Muhammara a kudancin Iran, garin da ake kira Khurramshahr yanzu. Shi wannan aminin Ingila ne. Shi ya ba kamfaninsu hayar fili a Abadan a 1909 suka gina matatar mai, ya kuma tsaya musu lokacin yaƙi, su kuwa suka yi masa alkawarin kariya. A watan Afrilu na 1925 sojojin Reza Khan suka hau Ivy da dare suka kama shi, aka wuce da shi Tehran. Ingila ba ta cece shi ba, don ta ga ribarta ta koma wajen sabon mai ƙarfi. A tsare ya mutu a 1936.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Sarkin Bini ya ƙi Turawa, aka fitar da shi a kan wannan jirgi. Sarkin Muhammara ya so su, aka kama shi a kan wannan jirgi suna kallo. Ashe wanda ya dogara da bargon wani, ranar sanyi zai gane kurensa.

Shawarata ga malamai ita ce, idan darasin mulkin mallaka ya zo, kada a tsaya ga haddar shekaru. A baje taswira, yara su nemo Hull da Kalaba da Duwala da Khurramshahr da yatsunsu, sannan a tambaye su wa ke da jirgin a kowane zango, kuma wa ya yi asara. Iyaye kuma, in yaro ya dawo gida da labarin Sarkin Bini, ku ba shi na Amadu ɗan Bassa, ku bar shi ya gwada su da kansa.