Baƙuncin Alkama a Zogbeli

Idan likita ya dubi mutumin Zogbeli ya ce masa daga yau ya rabu da alkama iyakar rayuwarsa, saboda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da ciwon hanjin nan da masana ɗibbu ke kira siliyak, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne burodin safe da shayinsa, sai zuciyarsa ta raya masa cewa an raba shi da abinci ɗungurungum. Alhali kuwa da zai natsu ya bi diddigin abin da ke shiga tukunyar gidansu tun zamanin kakanni, da ya tarar alkama baƙuwa ce a ƙasar Dagwamba, ba ta daɗe da sauka ba, sai dai ta iya zama da mutane har aka wayi gari ana ɗaukarta 'yar gida. Labarin wannan baƙunci nake nufin in bayar, domin a ganina saninsa yana rage wa majinyaci nauyin abin da ya same shi.

Zogbeli unguwa ce a cikin Tamale ta arewacin ƙasar Gana, maƙwabciyar kasuwar Aboabo, mafi yawan mutanenta Dagwamba ne, amma cuɗanyarsu da Hausawan Zango ta fuskar addini da ciniki da auratayya ta yi nisan da ba a iya raba kwanon wannan da na wancan. Ita Tamale ba tsohuwar alƙarya ba ce kamar Yendi, mazaunin Ya-Na sarkin Dagwamba, ko Salga ta ƙasar Gwanja, inda fataken ƙasar Hausa suka daɗe suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi suna sayo goro. Yaƙin basasar Salga na 1892 shi ya watsa waɗannan fatake, wasu suka nufi Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Yendi da garuruwan Dagwamba. Sa'an nan a 1907 Turawan Ingila suka ɗauke cibiyar mulkinsu ta Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, sai tarin ƙauyuka ya zama birni, baƙi suka yi ta kwararowa da harsunansu da sana'o'insu da cimarsu.

To, wannan cima ita ce abin lura. Manomin Dagwamba abin da ya sani shi ne dawa da gero da doya da wake da gyaɗa, ga kaɗanya da ɗorawa a bakin gona suna ba shi mai da daddawa. Bahaushen da ya sauka a wurinsa kuwa ya zo da fura da koko da ƙosai da masa da tubani, waɗanda duk ba su fita daga waɗannan tsabobi ba. Masara, wadda asalinta daga Amurka take, jiragen Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar teku a ƙarni na 16, ta yi ta hawowa arewa a hankali har ta karɓe tuwon zafi daga hannun gero da dawa, ana haɗa ta da garin rogo don ya yi laushi. Duk cikin wannan jeri babu alkama, kuma shari'a kanta ta shaida haka, domin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda malaman Zango ke karantarwa kamar yadda ake karantar da ita a Kano, ta lissafa alkama da sha'ir tare da gero da dawa da shinkafa cikin abin da ake fitar da zakkar fid-da-kai, bisa sharaɗin ya zama shi ne galibin abincin mutanen gari. Ranar jajiberin salla kuwa masara da shinkafa da dawa ake aunawa a Zogbeli, ba garin fulawa ba.

Ba wai Hausawa sun jahilci alkama ba ne. Tun da daɗewa ana nomanta a fadamun Kano da Sakkwato da bakin Tafkin Chadi, lokacin hunturu, ana ɗaga mata ruwa da jigo, kuma saboda wahalar nomanta da ƙarancinta sai ta zama abincin sarakuna da attajirai da Larabawan Gadamus da Tarabulus mazauna Kano, ana yin alkaki da finkaso da gurasa da taliyar hannu don salla ko gara ko saukar babban baƙo. Amma shuka ce mai son sanyi, ƙasar Dagwamba kuwa hunturunta gajere ne, zafinta mai tsanani, don haka ba ta taɓa zama amfanin gona a nan ba, farke kuma ba zai cika mangalar jakinsa da hatsin da babu mai saye ba.

Ta kudu alkama ta shigo, a niƙe, cikin buhu. Turawa suka fara kawo fulawa garuruwan gaɓa, matan can suka koyi gashin burodi a tanderun laka, sa'an nan da aka buɗe hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta mashigar Yeji, aka gina tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, sai buhun fulawa ya samu hanyar da zai riƙa isowa Arewa a kowane wata na shekara. Soja da ɗan makarantar kwana da akawun gwamnati su suka fara sabawa da burodi, har cinsa ya zama alamar wayewa. Daga baya mai shayi ya kafa teburinsa a bakin titi, ya mai da shi karin kumallon direba da lebura da ɗan dako. Fari da gobarar daji na 1983, shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan guda, sun zo da yunwar da dattawa ba sa son tunawa, kuma cikin abincin agajin da aka raba har da alkama, wadda ta shiga gidajen da ba su taɓa ɗora ta a wuta ba. Har yau ƙasar Gana ba ta noma alkamar da take ci. Daga Kanada da wasu ƙasashe ake sayo ta, a niƙa a masana'antun Tema da Takoradi, a loda a manyan motoci a hawo da ita.

Shi kuwa ciwon, tsoho ne a littattafan ɗibbu, amma sanin sababinsa sabo ne. Likitan Yunanawa Aretayus ya siffanta shi kusan shekara dubu biyu da suka wuce, Samuel Gee na Landan ya yi bayanin alamominsa filla-filla a 1888, ya kuma hakikance cewa waraka tana cikin gyaran abinci, amma bai gano wane abinci ne ba. Wanda Allah ya nufa da wannan buɗi shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan, wanda ya daɗe yana zargin alkama, har yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta zo ta ƙarfafa masa hujja: da burodi ya ɓace saboda yaƙi sai yaran da ke fama da wannan ciwo suka samu sauƙi, da ya dawo sai ciwonsu ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa, daga bisani aka tabbatar cewa illar tana cikin wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir da danginsu, shi ne ma ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya tashi. Idan mai wannan larura ya ci shi, sai garkuwar jikinsa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, 'yan tsirare-tsiraren da ke tsotse amfanin abinci su shafe, mutum ya yi ta ci ba ya ƙoshi da lafiya: ga gudawa, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini, yaro kuwa ya tsumbure.

An daɗe ana zaton wannan ibtila'i na Turawa ne kaɗai, kuma wannan zato ya cuci bayin Allah da yawa. Ƙiyasin masana shi ne kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Sahrawi na sansanonin Tinduf a Aljeriya, waɗanda gudun hijira ya mai da burodin agaji babban abincinsu, ya samu fiye da 5 cikin 100, adadin da ya ninka na Turai. A wuri irin namu, inda yaro mai gudawa da rama za a fara zargin tsutsar ciki ko zazzaɓin cizon sauro ko tamowa, bisa dalili mai kyau, abu ne mai sauƙi a yi ta maganin abin da ba shi ba ne, uwa kuma, saboda tausayi, ta yi ta jiƙa masa burodi a shayi don shi ne mai laushi. Tabbatar da ciwon sai da gwajin jini da duban hanji, kuma wajibi ne kada mutum ya bar alkama kafin a yi masa gwajin, domin barinta yana ɓoye alamar da ake nema. Hukuncin likita ne, ba na zato ba.

Wanda aka tabbatar masa, to, ni'imar da ke gabansa a Zogbeli ta fi ta takwaransa na Landan ko Alƙahira yawa, domin bai buƙaci wani abinci na musamman mai tsada daga kanti ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka ko busasshiyar kuɓewa halalinsa ne, haka sakwara da wasa-wasa na garin doya, da shinkafa da wake da ake rinawa da karan dafi, da tubani, da fura da nono, da koko da ƙosai, da acca wadda har yanzu ake nomawa a yankin Chereponi ana sarrafa ta a Tamale. Wahalar tana wuraren da baƙuwar ta ɓuya. Mai sayar da shinkafa da wake tana ɗora taliya a kai ba tare da an tambaya ba, da cokali guda take ɗibar komai. Ɗanwake, wanda asalinsa garin wake ne da rogo ko dawa da kuka, yanzu da yawa da fulawa ake kwaɓa shi. Mai suya takan tsoma ƙosai cikin man da ta soya fanke. Kifi ana birkiɗa shi a fulawa kafin a jefa a kasko. Lemun malt na kwalba, wanda ake kai wa maras lafiya da mai jego, daga sha'ir aka yi shi. Wasu dunƙulen miya ma akwai alkama a cikinsu, sai an karanta jikin takardar. Haddin gulutin da hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa ga abincin da za a ce babu shi a ciki shi ne kashi 20 cikin miliyan, wato ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa ya tayar da ciwon.

Abin da ya fi wannan nauyi, a ganina, shi ne mu'amala. Mu mutane ne da ke ɗaukar ƙin abincin wani a matsayin ƙin mai shi, kuma a wurin suna da biki da buɗa-baki na Ramadan abin da ake miƙa wa baƙo yanzu shi ne burodi da cincin da biskit. Saurayi ya zauna gaban surukarsa ta ce, "Ɗana, ko loma ɗaya ba za ka taɓa ba?" sai kunya ta sa ya ci, ya kwana uku yana biyan bashin wannan loma. Haƙƙi ne a kan malamai da dattawan unguwa su fahimtar da jama'a cewa wannan larura ce ba girman kai ba, kuma kiyaye lafiya yana cikin manufofin shari'a; haƙƙi ne kuma a kan uwargida ta ware masa cokalinsa da kaskonsa, ta soya nasa a sabon mai tun kafin fulawa ta shiga, in za ta kai niƙa ta tambayi mai inji abin da ya zuba kafin nata.