Wa Ke Riƙe da Alƙalamin Hukuma? Daga Tawadar Fadar Asante Zuwa Allon Kwamfuta

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BECE ya fito, aka fara rarraba yara zuwa makarantun sakandare, akwai abin da ido ke gani daga Dichemso har Aboabo da Asawase. Uwa ce ko kaka, ta ƙulle lambar jarrabawar yaro a bakin mayafi, ta nufi shagon intanet ko wurin wani saurayin unguwa mai babbar waya, ta biya kuɗi, ta tsaya tana kallon yatsunsa. Abin da zai fito a allon nan shi ne makomar ɗanta: ko Prempeh, ko T.I. Ahmadiyya, ko wata makaranta a garin da ba ta taɓa jin sunansa ba. Tun 2005 kwamfuta ke yin wannan rabo a Ghana. Ita dai baiwar Allah ba ta san abin da aka rubuta ba, sai abin da aka gaya mata.

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, a cikin wannan gari na Kumasi, al'amarin a juye yake. Lokacin da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso a 1817, da kuma Joseph Dupuis bayansa a 1820, sun tarar da jama'ar Musulmi zaune kusa da fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, ƙarƙashin wani dattijo, Muhammadu al-Gamba, wanda ake kira Baba. Su ne masu alƙalami da tawada. Su ke rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci zuwa sarakunan arewa, su karanta masa amsa, su rubuta layu ga mayaƙansa. Bayan yaƙin Katamanso na 1826, ɗaruruwan waraƙai irin waɗannan sun faɗa hannun mutanen Denmak, suna nan ajiye har yau a ɗakin karatu na birnin Kofanhagan. A faɗi gaskiya, galibin malaman nan mutanen Gwanja ne da Dagomba da Mamprusi da Wangarawa, Hausawa kaɗan ne a cikinsu. Amma allon da ya horar da su shi ne allon da ya horar da kakanninmu, kuma hanyar goro ɗaya ce ta haɗa su.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aiki da ka ake yinsa. Akwai koyo, akwai littafi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, tun yana saurayi ya wallafa littafi sukutum a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa: yadda ake buɗewa, yadda ake yi wa sarki magana, yadda ake yi wa malami ko abokin ciniki. Da a yau ne, da an kira shi littafin horar da ma'aikata. Fatake sun dogara da irin waɗannan marubuta wajen aika saƙo da riƙe lissafin bashi tsakanin Kano da Gwanja, tafiyar watanni.

Sai zamani ya sauya alƙalami. Turawa suka shiga Kumasi a 1896, suka gama da tawayen Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso a 1903. Zango ya cika ya batse da fatake da tsofaffin sojojin Hausa, ciniki ya haɓaka, amma takardar hukuma ta koma Turanci. Wanda ya iya ta shi ne akawu, wanda Tonawa ke kira krakye, kuma makarantun mishan ne ke yaye shi. Iyayenmu suka dubi makarantar da ake shiga da sunan Musa a fito da sunan Moses, suka riƙe 'ya'yansu. Ba ni da bakin zarginsu, tsoronsu yana da dalili. Sai dai an biya farashi mai tsada, kuma ranar biya ta zo a watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka binne cibiyarsu a Kumasi suka hau manyan motoci saboda rashin wata 'yar takarda. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a cikin hukumar ilimi ta ƙasa, mai kula da makarantun da ke haɗa karatun addini da na boko a aji ɗaya da kuɗin gwamnati. Lissafa tazarar da kanka.

Sauyi na uku shi ne wanda muke ciki. A 1995 kamfanin Dakta Nii Quaynor ya haɗa Ghana da intanet, tana cikin na farko-farko a Afirka ta Yamma. A 2003 gwamnatin Kufuor ta fitar da manufar da ake kira ICT4AD, wadda Farfesa Clement Dzidonu ya jagoranci tsarawa, da niyyar amfani da fasahar sadarwa wajen gaggauta ci gaba. A ƙarshen shekarar aka buɗe Cibiyar Kofi Annan a Ankara, wato Accra, da haɗin gwiwar ƙasar Indiya, domin horar da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai. Garambawul ɗin ilimi na 2007 ya shigar da darasin kwamfuta cikin manhajar ƙananan makarantu, dokokin 2008 suka kafa hukumar NITA mai kula da na'urorin gwamnati, suka kuma ƙarfafa asusun GIFEC mai kai sadarwa da cibiyoyin kwamfuta yankunan da aka bari a baya. A kan takarda, babu abin da aka manta.

Abin da ya faru a cikin aji kuwa, hoto ɗaya ya isa shaida, kuma daga yankinmu na Ashanti ya fito. A watan Fabrairu na 2018 duniya ta ga wani malami, Richard Appiah Akoto, na ƙaramar sakandaren Betenase da ke Sekyedumase, yana zana fuskar Microsoft Word a kan baƙin allo da alli mai launi-launi, akwati bayan akwati, domin yaransa za su rubuta jarrabawar kwamfuta alhali makarantar ba ta da kwamfutar koyarwa. Aka yi ta yabo, kamfanin Microsoft ya kai shi taro a Singafo, masu kyauta suka aika wa makarantar na'urori. Ni kuwa da na ga hoton, abin da ya zo mini a rai shi ne almajiri da allonsa: a rubuta, a haddace, a wanke. Bambancin kawai, almajiri abin da ke allon shi ne karatun kansa, yaran Betenase kuwa hoton karatun aka ba su.

Gwamnatoci sun fi son rabon kaya fiye da koyarwa, domin kaya ana ɗaukar hotonsu. An raba kwamfutocin cinya ga ɗalibai a zamanin Atta Mills. An ƙaddamar da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane malami a 2021, an biyo da rabon allunan hannu ga 'yan babbar sakandare a 2024. Tsakanin waɗannan kuma aka sha shekarun dumsor, lokacin da ko mai na'urar sai ya jira wuta. Ban ce rabon banza ba ne. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin kwamfuta na makaranta ya ga na'urori lulluɓe da ƙyalle, mabuɗi a aljihun shugaban makaranta don tsoron kada yara su ɓata, ya san cewa ba a koyon iyo a tudu.

Inda horon ya yi tasiri a fili shi ne inda aka ɗaura shi da aiki na gaske. Rajistar masu zaɓe da hoton yatsa a 2012 ta tilasta koya wa dubban ma'aikatan wucin gadi sarrafa na'ura. Ƙidayar 2021, wadda ta ba da adadin mutum miliyan 30.8, ita ce ta farko da aka yi da allunan hannu maimakon takarda, kuma sai da aka zaunar da masu ƙidaya aka horar da su kafin su shiga gida-gida. A ɗaya gefen kuma akwai karatun da babu wanda ya shirya wa bita. Tun da MTN ya kawo MoMo a 2009, mai sayar da goro da mai waken-da-shinkafa da mahaucin Kejetia suka haddace lambobin da ake dannawa, domin kuɗinsu ne a ciki. Da aka ɗora harajin E-Levy a 2022, tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba sun iya lissafa abin da za a cire musu tun kafin su aika.

To, me ya sa wannan ya shafe mu fiye da maƙwabtanmu? Saboda yau hukuma ta koma cikin na'ura, kuma na'ura ba ta san fuska ba, abin da aka shigar mata kawai ta sani. Ghana Card ya zama mabuɗin layin waya da asusun banki. Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfutar rajista shi ne akawun wannan zamani. Idan ya rubuta sunanka ɗaya da siga uku a takardu uku, Muhammad a nan, Mohammed a can, Mahama a wancan, kai ne za ka yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu. Idan ya ji sunan garin kakanka ya ɗaga gira, kai ne za ka fara bayanin asali, a ƙasar da kakan nan naka ya yi wa aikin soja ko ya biya wa haraji. An koya wa wannan ma'aikaci danna maɓalli. Ina shakkar ko an taɓa koya masa tarihin Zango, ko yadda sunayenmu suke. Hanya mafi kusa ita ce ɗanmu ya zauna a kan kujerar nan shi ma.

An yi yunƙuri. A 2017 aka kafa ma'aikata ta musamman domin raya Zango da tsofaffin unguwannin birane, aka yi dokar Asusun Raya Zango, kuma ilimi da koyon sana'a suna cikin abin da aka ɗora masa. Ma'aikatar ba ta wuce wa'adi ɗaya ba, a 2021 aka rushe ta, asusun ya saura. A Nima kuwa Regina Honu ta shiga da shirinta na Tech Needs Girls, ta koya wa 'yan matan unguwa rubuta manhaja, abin da ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta taɓa zama matsalar ba. Mu nan Kumasi, jami'ar KNUST da ke yaye injiniyoyin kwamfuta kuɗin tro-tro ɗaya ne daga Aboabo. Yara nawa ne daga layinku suka taɓa shiga ƙofarta, ko da yawon buɗe ido?

Akwai kuma maganar harshe, wadda ba a cika tayar da ita ba. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ke ɗaukar nauyin rubutawa da koyarwa a makarantu. Saboda haka yaron Zango yana magana da ita tun daga goyo, ya gama sakandare bai taɓa rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ba. Shi ya sa saƙon murya ya mamaye WhatsApp ɗinmu. Abin mamaki, Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, Twi sai a 2022. Wato akwai tarin bayani da Hausa a intanet, daga Kano da Yamai da gidajen rediyon duniya, wanda dattijon Dichemso zai iya amfana da shi kai tsaye da an nuna masa ƙofa. Malaman makarantun allo, waɗanda yara ke zama gabansu kowace yamma da kowace Asabar da Lahadi, ban ga wani babban shiri da ya ɗauke su a matsayin malaman da suka cancanci horo ba, alhali su ne magadan Alhaji Umaru.

A watan Afrilu na 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan ɗaya a fannin rubuta manhaja da sauran ayyukan kwamfuta, kuma yankin Ashanti yana cikin wuraren da aka fara gwaji. Fom ɗin neman shiga, a intanet ake cike shi, da Turanci.