Hukuncin shan ƙwayoyin ƙarin kuzari masu ɗauke da kafeyin

TAMBAYA

Ni mazaunin Batsari ne, ina cikin matasan da ke kwana sintiri saboda halin tsaro. Don kada barci ya ɗauke mu muna shan wata ƙwaya da ake cewa ta ƙarin kuzari ce, mu haɗa da lemon gwangwani mai sa ƙarfi da goro. Kwanan nan gabana yana yawan faɗuwa, hannuna na rawa. Wani ɗan'uwana a Safana ya ce haramun ce kamar tiramol. Mene ne gaskiya?

AMSA

Allah Ya saka muku da alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Abin da ke kore barci a yawancin irin waɗannan ƙwayoyi shi ne sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da ganyen shayi da gahawa. A kan kansa halal ne, domin ba ya gusar da hankali, kuma asalin abin ci da sha halacci ne sai an sami dalilin hani. An taɓa hana gahawa a Makka a shekarar 1511 miladiyya, amma hanin bai ɗore ba, daga baya maganar malamai ta tsaya a kan halaccinta. Don haka ɗan'uwanka ya tsananta da ya daidaita shi da tiramol ɗin da ake sha don buguwa.

Sai dai halal yakan koma haram a kan wanda ya tabbata yana cutar da shi. Aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, hadisin hana cuta da cutarwa kuwa sananne ne, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Ke nan hukuncin yana bin yawan abin da aka sha da lafiyar mai shan.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini, kada ya wuce 200 a lokaci guda. Mace mai ciki iyakarta 200 a yini. Yanzu ka yi lissafi. Kofin shayi yana da kamar 40 zuwa 50. Gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da 80. Ƙwayar Panadol Extra guda tana da 65, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ya sha shayi kofi biyu, gwangwani biyu, sannan ya haɗiyi ƙwaya biyu saboda ciwon kai, ya kusa 400 tun bai taɓa goro ba, bai kuma sha ƙwayar kuzarin ba, wadda guda ɗaya takan kai 100 zuwa 200.

Haɗarin ƙwaya da gari ya fi na shayi, saboda suna shiga jiki gaba ɗaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce cokalin shayi ɗaya na zallan garin kafeyin ya kai kofin gahawa 28, kuma miligiram 1,200 a lokaci guda na iya jawo jijjiga. A 2014 wani ɗalibi ɗan shekara 18 ya rasu a jihar Ohayo bayan ya sha irin wannan gari. Wani lokaci kuma ba za ka ga an rubuta kafeyin a jikin kwalin ba, sai ka ga "guarana", alhali ita ma shi ne a cikinta.

Faɗuwar gaba da rawar hannun da kake ji alama ce ta cewa ka wuce iyakarka. A wannan hali bai halatta ka ci gaba da shan ƙwayar ba. Ka je asibiti a auna jininka, a duba bugun zuciyarka, ka tafi da kwalin don likita ya gani. Idan aka sami ciwon ƙirji, ko suma, ko amai ba ƙaƙƙautawa, kada a jira gari ya waye. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ya nisance ta. Haka wanda ke shan ciprofloxacin saboda taifot, domin wannan magani yana sa kafeyin ya daɗe a jiki. Wadda ba ta da lambar NAFDAC, ko ake sayarwa a ƙulle a leda, a bar ta kwata-kwata, tunda ba a san abin da aka cuɗa a ciki ba, har da mai sa maye.

Shayi da goro kuwa kada ka yanke su rana ɗaya, ka riƙa ragewa cikin mako ɗaya ko biyu, in ba haka ba ciwon kai zai dame ka, irin wanda mashaya shayi ke ji a farkon azumi.

Ku sani kafeyin yana ɓoye gajiya ne kawai, barcin yana nan bashi. Rabinsa ma yakan rage a jini bayan kamar awa 5, shi ya sa wanda ya sha da ƙarfe uku na dare yake kasa runtsawa bayan asuba. Ku raba daren kashi-kashi, wasu su kwanta wasu su tsaya, kamar yadda Sahabbai suka riƙa karɓa-karɓar gadi a wajen yaƙi.

Allah ne Mafi sani.