Motar tsere ta alfarma: abin da ya kamata a sani kafin a saya

Motocin tsere na alfarma su ne waɗanda ake ƙerawa kaɗan-kaɗan, masu ƙarfin inji da tsananin gudu, galibi masu kujera biyu. Fitattun masu ƙera su suna Turai. Ferrari ta fitar da motarta ta farko a 1947 a garin Maranello na Italiya. Ferruccio Lamborghini, wanda ya fara da ƙera tarakta, ya kafa nasa kamfanin a 1963. Bugatti kuwa yana garin Molsheim na Faransa, kuma Veyron da ya fitar a 2005 tana wuce kilomita 400 a awa.

Kuɗin saye da na shigowa

Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, saboda haka motar Yuro 250,000 ta kai kusan sefa miliyan 164 tun tana Turai. Sai a ƙara kuɗin jirgin ruwa zuwa tasha kamar Lome ko Duwala, da na ɗauko ta a kan babbar mota, da kuɗin duwan, da harajin TVA, wanda yake kashi 19 cikin 100 a Nijar, 19.25 a Kamaru.

Hanya da mai

An ƙera motocin ne don kwalta mai santsi. Cikinsu bai fi kamu ɗaya daga ƙasa ba, don haka rami ko tudun rage gudu na iya fasa gabansu. Injin yana son fetur mai oktan 98, kuma man bumburutu ko gurɓatacce na iya kashe shi. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna wahalar da lagireto da matatar iska.

Gyara

Wakilan waɗannan kamfanoni a Afirka ƙalilan ne, kamar na birnin Johannesburg. Bakaniken unguwa ba shi da na'urar da ke karanta kwamfutar motar, kuma taya da birki sai an yi odarsu daga waje. Ajiye ta ma ba mafita ba ce, domin batir yakan mutu, tayoyi su lalace.

Shin jari ce?

Akasarinsu darajarsu faɗuwa take yi. Waɗanda ke tashi su ne waɗanda aka ƙera ƙalilan, irin Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 kawai aka yi, aka kuma sayar da ɗaya kan dala miliyan 48.4 a 2018. Ta hannu kuma farashinta ya dogara ne da cikakken littafin gyaranta.

Idon hukuma

Irin wannan mota takan jawo tambaya kan asalin dukiya. A Satumbar 2019 an yi gwanjon motoci 25 a kusa da Jeniba, waɗanda hukumomin Suwizalan suka ƙwace daga Teodorin Obiang, mataimakin shugaban Ikwatoriyal Gini, aka tara kusan dala miliyan 27.

Kafin a biya

A tabbatar lambar jikin motar ta dace da takardunta, a sa gwani ya duba ta, a kuma samu kamfanin inshora da ya yarda ya rufe ta. Mai son sunan amma hanyarsa ba ta da kyau yana iya duba masu tudu, irin Lamborghini Urus ko Porsche Cayenne. Wanda kuɗin gyaran shekara ɗaya zai taɓa masa jari ko cefanen gida, gara ya haƙura.