Wai an ƙara mana kashi 133

Jiya a ofis wani yake ta yabon gwamnati, wai mafi ƙarancin albashi ya ƙaru da kashi 133 cikin 100. Lissafinsa daidai ne, amma mu ɗan waiwayi baya.

A 2011, zamanin Jonathan, albashin naira 18,000 ne, litar fetur naira 65. Lita 276 ke nan. A 2019 Buhari ya mai da shi 30,000, lita tana 145, sai ya sauko lita 206. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu kan 70,000, lita ta haura 600. Ko lita 120 ba za ka samu ba.

Jama'a, duk ɗan siyasar da ya ce muku kashi kaza, ku tambaye shi: mudu nawa kuɗin ke saye?